Kalmar sirrin da ke ba da umarni

Ɗan canji a Wapa ba ya miƙa wa mutum bandir sai ya ƙirga, ko da daga sef ɗinsa ya ɗauko. Ina ma samarin da ke rubuta wa 'yan Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari manhajar lissafin kaya za su ari wannan hali.

Waɗanda suka waye a cikinsu sun daina rubuta kalmar sirri a jikin manhaja. Suna ajiye ta a ma'ajiya ta musamman, irin Vault da kamfanin HashiCorp ya fitar a 2015. Madalla da wannan, amma wurin ɗaukowa gizo ke saƙar. Saboda gaggawa, sai mutum ya kwashi abin da ma'ajiya ta turo ya miƙa wa umarnin eval a Bash (manhajar da ke karɓar umarni a kwamfuta), wanda ma'anarsa: karanta, ka aikata. Ita kuwa Bash da alamomi kawai take rarrabe magana. Idan waƙafi mai ruwa ya fito a tsakiyar kalmar sirri, a wurinta zance ya ƙare, abin da ya biyo baya sabon umarni ne. Haka ma alamar dala idan baka ta biyo ta.

Kamar Alhaji ne ya ce wa yaron shago duk abin da ke takardar cikin aljihun tebur ya yi shi. Sunan mai kaya ya kamata a gani a takardar, sai wani ya ƙara a ƙasa cewa a buɗe sito a ba shi dila goma. Yaro bai saɓa wa maigida ba, dila kuwa ta tafi.

An taɓa ganin dangin wannan matsala. A Satumban 2014 Stéphane Chazelas ya gano ɓarakar da aka yi wa laƙabi da Shellshock, wadda ta kwanta a Bash tun 1989: bayanin da aka ba ta ajiya, sai ta aikata umarnin da aka maƙala a wutsiyarsa. Cikin kwanaki 'yan kutse suka yi wa sabobin intanet ca.

Gyaran ba ya cin kuɗi. A bar eval, a sa kalmar cikin alamar zance, ko manhaja ta karanto ta kai tsaye ba tare da ta bi ta Bash ba. Sai kuma a duba su wa ke da izinin rubutu a ma'ajiyar, domin yaron da aka sallama tun kafin azumi, sau da yawa mabuɗinsa na nan yana aiki.