Yawon Sallah da iyali: Wane jagora ya kamata ɗan ci-rani ya amince da shi?

Duk shekara idan Sallah ta ƙarato, tashoshin mota na Madawa, Buza da Keita a Jihar Tawa kan cika da 'yan ci-rani masu dawowa daga Abijan, Legas, Libiya da Aljeriya. Bayan kayan Sallah da tsarabar dangi, akwai alƙawarin da yara ba sa mantawa da shi: a kai su birni su hau lilo, su ga zaki ido da ido.

Ga magidancin da ke Urno, cika wannan alƙawari ba ƙaramin aiki ba ne. Sai ya fito babbar hanyar RN1, sannan ya zaɓa: ko ya yi yamma zuwa Yamai, tafiyar kimanin kilomita 500 daga Madawa, ko ya yi gabas zuwa Maraɗi, ya bi ta Ɗan Isa da Jibiya ya shiga Katsina da Kano. Kuɗin mota, masauki, abinci da tikitin mutum biyar ko shida na iya cinye guzurin watanni. Shi ya sa jagorar da mutum zai dogara da ita, littafi ne ko waya ko bakin ɗan gari, ta cancanci a tantance ta kafin a ɗaura kaya.

Inda ake zuwa

A Yamai, Gidan Tarihi na Bubu Hama, wanda aka kafa a 1959, ya haɗa gidan namun daji, rumfunan masu sana'ar hannu da ƙasusuwan manyan dabbobin da aka tono a hamadar Nijar. A Kano akwai Gidan Zoo da aka gina a zamanin Gwamna Audu Baƙo, farkon shekarun 1970, wanda kan cika maƙil a ranakun Sallah. Mai ƙarfin aljihu kan wuce Abuja, inda ake da Magicland kusa da ƙofar shiga birnin, da Millennium Park da Sarauniyar Ingila Elizabeth ta buɗe a Disambar 2003.

'Yan ci-ranin Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa kuwa, hankalinsu ya fi karkata ga Disneyland na kusa da Paris da aka buɗe a 1992, ko Walt Disney World na Fulorida da ke aiki tun 1971, ko Ferrari World na Abu Dabi da aka buɗe a 2010.

Fara da shekarar bugu

Abu na farko da za a duba a littafin jagorar tafiya shi ne shekarar da aka buga shi, kuma tana nan a shafin da ke bayan sunan littafin. Kamfanin Bradt na Ingila ya fitar da littafi kan Nijar a 2006. Har yanzu yana da amfani ga mai neman tarihi da al'adu, amma abubuwa da yawa sun sauya tun daga lokacin.

Misali, kowane tsohon littafi zai tura mai son ganin raƙuman dawa zuwa Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Ba zai faɗa masa cewa a ranar 9 ga Agustan 2020 'yan bindiga sun kashe mutum takwas a wurin ba, Faransawa shida da 'yan Nijar biyu. Haka kuma ba zai san cewa a 2018 an kwashi raƙuman dawa takwas zuwa gandun Gadabeji da ke gundumar Bermo ba, wanda ya fi kusa da mutanen Urno nesa ba kusa ba.

Farashi ma haka yake. Sefa na ɗaure da yuro a kan 655.957 tun 1999, amma dalar Amurka da ake saya ƙasa da naira 130 a 2006 ta haura naira 1,500 a 2024. Duk lissafin naira da ke cikin tsohon littafi ya zama tarihi. Sunaye ma na sauyawa: Magicland na Abuja a da Wonderland ake kiran sa, kuma kantin Shoprite da ke Ado Bayero Mall a Kano ya rufe a Janairun 2024.

Wa ya rubuta, wa ya biya?

Tambaya ta biyu ita ce ko marubucin na cin gashin kansa. A Amurka, masu zuwa Walt Disney World sun daɗe da sanin bambancin. Littafin Birnbaum shi ne na hukuma, wanda ke fitowa da amincewar kamfanin Disney. Shi kuwa The Unofficial Guide, da Bob Sehlinger ya fara a tsakiyar shekarun 1980, ba shi da alaƙa da kamfanin, don haka yakan faɗi wasan da bai cancanci a yi masa dogon layi ba.

Wannan ma'auni na aiki a gida. Takardar talla da otel ko wurin wasa ya buga ba za ta ambaci cewa wani lilo ya lalace ba. Haka bidiyon da aka biya wani mai tashe a TikTok ya ɗauka. Idan jagora ba ta taɓa kushe komai ba, to talla ce.

Abin da jagora tagari za ta faɗa

Na farko, ko kuɗin shiga ya haɗa da wasanni, ko kowane lilo da kuɗinsa. A nan ne iyaye suka fi shan mamaki a gaban yara. Ko a wuraren Disney, tsarin tsallake layi na kyauta da ake kira FastPass ya ƙare a 2021, aka maye gurbinsa da na biya.

Na biyu, ƙa'idar tsawo. A Fulorida, yaron da bai kai santimita 112 ba ba ya hawa Space Mountain, komai kukansa. Wanda ya auna yaransa tun daga gida ya tsira daga sayen tikitin banza.

Na uku, lokaci. A 'yan shekarun nan sallolin biyu na faɗowa tsakanin Maris da Yuni, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Yamai da Kano. Jagora tagari za ta faɗi lokacin buɗewa da rufewa, inda ake samun inuwa da ruwa, wurin sallah, ban-ɗaki da asibiti mafi kusa. Masu zuwa Turai su ƙara da neman inda ake sayar da abincin halal.

Waya da bakin mutane

Galibin littattafan jagora da Faransanci ko Turanci aka rubuta su, kuma samun su a Madawa ko Buza sai an yi da gaske. Don haka waya ce littafin yawancin matasa. A Google Maps, a riƙa jera ra'ayoyin mutane daga na baya-bayan nan, a kuma duba hotunan da maziyarta suka ɗora, ba na masu wurin ba. A sauke taswirar tun ana da intanet, domin layin Nijar ba lallai ya yi aiki da sauƙi a tsallaken iyaka ba. Idan akwai lambar wurin, a kira kafin a tashi.

Sai dai akwai labarin da babu littafi ko wayar da ke da shi, wato halin da hanya ke ciki a yau. Yankin Jibiya ya sha fama da 'yan bindiga, kuma direbobin tasha da 'yan uwa mazauna can su ne suka san sa'ar da ake wucewa da wadda ake dakatawa. Matambayi ba ya ɓata, amma a tambayi wanda ya bi hanyar a makon nan, ba wanda ya bi ta bara ba.

Batun takardu

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyakar Nijar da Najeriya, ba a buɗe ba sai a Maris 2024. A ranar 29 ga Janairun 2025 kuma ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata. Duk jagorar da aka rubuta kafin nan ba abin dogaro ba ce kan ƙa'idar tsallaka iyaka. A nemi bayani daga jami'an shige da fice, a riƙe katin ɗan ƙasa ko fasfo, katin rigakafin shawara da takardun haihuwar yara.

A ranar shiga wurin wasan kuma, a rubuta lambar wayar uba ko uwa a takarda a sa wa kowane yaro a aljihu, a nuna masa inda za a haɗu idan cunkoso ya raba su. Kuɗin komawa gida a ware shi daban, kada a taɓa shi ko da yara sun nemi zagaye na biyu.