Wayar Manomi da Uwar Garke: Darasi daga Ƙasar Kura

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, noman rani a Kura da Bunkure ya dogara ga tsari guda: ruwa yana taruwa wuri ɗaya, sa'an nan a riƙa sakinsa ta magudanai zuwa gonaki. Haka yawancin manhajojin wayar salula suke. Bayanai suna ajiye cikin wata babbar na'ura a nesa, wadda ake kira uwar garke, ita kuwa waya roƙo take yi a aiko mata. Ƙa'idar da suke bi wajen wannan magana ita masana ke kira API.

A tsohon tsari, uwar garke ce ke yanke abin da kowace amsa za ta ƙunsa. A ɗauka manomi farashin kwandon tumatir a Kwanar Gafan kaɗai yake nema, sai a turo masa har da na albasa da hotuna, ga shi kuwa shi ne mai biyan kuɗin data. Irin wannan asara na cikin dalilan da suka sa injiniyoyin Facebook ƙirƙiro GraphQL a 2012, suka kuma sake shi ga jama'a a 2015. A nan waya ce ke zayyana bukatarta cikin tambaya guda, a ba ta abin da ta nema ba ragi ba ƙari.

Tsari na biyu ya ɗara haka, domin uwar garke tana turo har da fasalin allo: inda rubutu zai zauna, da inda za a danna. Kamfanin Airbnb ya bayyana yadda yake aiki da shi a 2021. Amfaninsa shi ne, in an yi gyara a cibiya sai ya bayyana a kowace waya, ba sai an sauke sabuwar manhaja ba. Wannan ba baƙon abu ba ne ga manomin Kura. Duk lokacin da ya danna lambobin banki masu farawa da alamar tauraro, jerin zaɓin da yake gani daga na'urar banki yake zuwa, shi ya sa ko ƙaramar waya take iyawa.

Amma fa akwai abin lura. Ran da aka rufe ƙofar magudana, gona mai nisa ce ke fara bushewa. Haka in layin sadarwa ya yanke, allon da ya dogara ga cibiya sai ya zama wayam. Bugu da ƙari, mai riƙe da uwar garke shi ke da ikon abin da kowa zai gani.

Saboda haka, ma'aikacin gwamnati da zai ba da kwangilar manhajar manoma ya wajaba ya yi tambaya uku. Nawa manomi zai kashe na data? Me zai gani in babu layi? Uwar garken kuma a hannun wa take, ma'aikata ko ɗan kwangila? Zanen aro dai ba ya rufe katara.