Kafin ka yarda a yi wa kwamfutarka fomatin

Saura kwana tara a karɓi zanen furojet ɗinmu na HND II kwamfutata ta koma tafiyar hawainiya. In na juya gini a Revit sai ta tsaya cak kamar mai tunani, fanka na ihu, gefenta ya yi zafin da ba ka iya barin hannu a kai. Sau biyu tana mutuwa da kanta ana tsakiyar fitar da hoton gini, aikin awa uku ya bi ruwa. Ga shi sai da Baba ya sayar da buhunan wake ya cika mini kuɗinta, ranar da ya miƙo mini ya ce, "Ka riƙe ta da kyau, ba ni da kuɗin ta biyu."

Irin wadda masu sayarwa ke kira wokisteshan ce. Su ne ZBook na HP, da Precision na Dell, da jerin P na ThinkPad ɗin Lenovo. An ƙera su don injiniyoyi da masu zanen gini, shi ya sa za ka fi ganin su a hannun 'yan Akitekca da Sibil a nan Poli. Bambancinsu da sauran laftof shi ne furosesa mai ƙarfi, da katin zane na daban, galibi Quadro na NVIDIA, da fanka biyu, da wurin ƙara RAM har 32GB ko 64GB. Nauyi kuwa ya kai kilo biyu da rabi, caja kamar bulo. Yawancin waɗanda muke iya saye na hannu ne, sun gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso mana.

Mai gyaran da na fara kai wa ko buɗe ta bai yi ba. "Bairos ne, kawo a yi mata fomatin." Har na fara kwashe fayil sai na haɗu da wani yayanmu da ya gama shekara biyu da suka wuce. Ya ce, "Ƙanena, ka duba zafinta tukuna?" Wallahi ban ma san ana dubawa ba.

Abin da ya nuna mini ke nan. Akwai manhaja ta kyauta mai suna HWiNFO, tana nuna zafin furosesa. Tawa da na buɗe Revit sai ta haura digiri 97. Furosesar Intel idan ta kusa digiri 100 da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, in abin ya ci tura ta kashe kwamfutar ɗungurungum. Ashe ba lalacewa ta yi ba, kare kanta take yi. To ina dalilin zafin? Ku tuna inda muke. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce, mu da ke hanyar Dutsin-Ma mun san yadda take kwanciya a kan tebur cikin yini guda. Fankokin nan biyu kuwa duk wadda suka samu shaƙa suke yi. Sai Afrilu da Mayu su zo, zafin garin Katsina ya wuce digiri 40, kwamfuta na neman iska mai sanyi babu.

Da muka cire murfin ƙasa, tsakanin fanka da ƙarfen da ke fitar da zafi mun tarar da ƙura ta dunƙule kamar auduga, ta toshe hanyar iska gaba ɗaya. Muka cire batir, muka share da tsohon buroshin haƙori, muka hura. In za ka hura, danne fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima. Kuma don Allah kada ka kai ta wurin mai faci, na ga wanda ya yi, iskar injinsa ta yi ƙarfi kuma tana zuwa da danshi. Sai kirim ɗin nan mai ruwan toka da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen: nawa ya bushe ƙamas kamar tsohon fenti. Wannan kam in hannunka bai saba ba, ka tsaya a kan mai gyara ya canza a gabanka. Bayan an gama, aikin da ke kai ta 97 ya dawo 80 da 'yan kai.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Washegari ta sake yin sanyin jiki alhali ba zafi. Na buɗe Task Manager na ga gudunta 0.79 GHz, ita da aka rubuta wa 2.7. Ga caja a jiki amma batir na raguwa. Nan laifina ne. Cajarta ta asali ta ƙone a ƙaramin janareta tun semestar da ta wuce, na je na sayi wata don kawai bakinta ya shiga. Ku juya cajarku ku karanta: a ninka lambar V da lambar A, shi ne wat ɗinta. Tawa 19.5 sau 3.33, wato wat 65, kwamfutar kuwa 150 take so, wasu ma 180 ko 230. A tsakiyar bakin cajar akwai siririn tsinke wanda ta shi kwamfuta ke gane ƙarfin cajar. In ta ga ƙarama ce, ko tsinken ya karye, sai ta rage gudu. Fomatin goma ba zai gyara wannan ba. Na ari cajar wani ɗan ajinmu mai irin tawa, nan take ta miƙe.

Akwai kuma wata ƙaramar matsala: wani lokaci manhajar zane na hawa kan ƙaramin katin Intel, Quadro na zaune ba aiki. Shiga Settings, Display, Graphics, ka zaɓa wa AutoCAD ko Revit babban katin.

Ga mai shirin saye, abu biyu. Buɗe Command Prompt a gaban mai shago ka rubuta powercfg /batteryreport, za ta nuna maka abin da batir ke ɗauka yana sabo da abin da ya rage masa yanzu. Sannan duba furosesar. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zubi na 8 na Intel take farawa. Wadda lambarta ta fara da 6 ko 7, kamar i7-6820HQ irin tawa, za ta yi maka aiki, amma kada a karɓi kuɗin ta zubi na 8 a hannunka.

Na miƙa zanena saura kwana ɗaya. Yanzu ba na ɗora ta a katifa ko darduma, murafen kwalba huɗu nake jera mata a ƙasa don iska ta ratsa, aiki mai nauyi kuma sai bayan Isha'i ko da asuba in akwai wuta. Cajar mai wat 150 har yau ta aro ce, ina tara kuɗin tawa.