Ƙwan Lantarki: Ba a Kanti Ake Gama Biyan Kuɗinsa Ba

A yawancin gidajenmu babu takardar da ake buɗewa da fargaba irin takardar kuɗin wuta. Da zarar ta iso sai maigida ya murtuke fuska, ya fara tambayar wanda ya bar fanka tana juyawa da wanda ya kwana da talabijin. A gidajen haya kuwa, inda iyalai huɗu ko biyar suke kan na'urar ƙirga wuta guda, takardar nan ta sha raba maƙwabtan da suka yi shekaru suna cuɗanya. Amma da wuya ka ga wanda ya ɗaga kai ya dubi ƙwan da ke rataye a saman ɗakinsa, alhali kuwa a gidan da babu firiji babu na'urar sanyaya ɗaki, fitilu na daga cikin manyan masu cin kuɗin nan.

Dalilin da ya sa ba ma kula shi ne mun saba auna tsadar ƙwan lantarki, wanda wasunmu ke kira ampul, da kuɗin da muka miƙa wa mai kanti. Wannan kuwa somin taɓi ne kawai. Sauran kuɗin ana biyan sa ne wata-wata, muddin ƙwan yana ci. Saboda haka wanda ya fi araha ranar saye yakan zama shi ne mafi tsada a ƙarshen shekara.

Iri uku da ke kasuwa

Na farko shi ne tsohon ƙwai mai zare a ciki, wanda muka taso muka tarar. Asalinsa yana komawa ga aikin Thomas Edison na Amurka a shekarar 1879 da na wasu masana na zamaninsa. Yadda yake aiki shi ne lantarki ya ratsa siririn zaren ƙarfe har ya yi zafi ya yi jawur, daga nan haske ya fito. Illarsa ita ce kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi take komawa, ɗan abin da ya rage ne yake zama haske. Shi ya sa ba a iya taɓa shi idan ya jima a kunne. A ƙasar da zafin watan Afrilu yake haura ma'auni 40, wannan tamkar hura ƙaramin murhu ne a cikin ɗaki, sannan a kunna fanka don ta kore zafinsa, a biya kuɗin duka biyun. Rayuwarsa kuma ba ta wuce kimanin awa 1,000.

Na biyu shi ne mai murɗaɗɗen farin bututu, wanda ake ce wa ekonomik, da yayansa dogon bututu da aka fi sani da neyon. Wannan ya yi rawar gani a lokacinsa, domin kuwa kashi ɗaya cikin huɗu na wutar tsohon ƙwai ya ishe shi ya ba da haske daidai da nasa, kuma yakan kai awa 6,000 zuwa 10,000. A shekarar 2007, sa'ad da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya har wuta ta yi ƙaranci a Gana, gwamnatin ƙasar ta raba irin waɗannan ƙwayaye miliyan 6 kyauta ga jama'a, ta karɓe tsofaffin. Sai dai yana da aibi babba, wato akwai ɗan zaiba a cikinsa, zaiba kuwa guba ce. A ƙarƙashin yarjejeniyar Minamata ta shekarar 2013, wadda ta shafi rage amfani da zaiba a duniya, ƙasashe sun amince a 2022 cewa a daina ƙera irin na gida da shigo da shi daga ƙarshen 2025.

Na uku shi ne wanda ake kira LED. Shi ba zare gare shi ba, ba kuma zaiba. Wasu ƴan ƙananan ƙwayoyi ne suke fitar da haske idan lantarki ya ratsa su. Bai samu shiga gidaje ba sai bayan da masana uku ƴan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka gano hanyar samar da shuɗin haske mai ƙarfi a farkon shekarun 1990, wanda daga gare shi ake samun farin hasken. A kan wannan aiki aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2014. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60, kuma mai ingancinsa yakan yi awa 15,000 zuwa 25,000.

Bari mu yi lissafi

Mu ɗauki gida mai ƙwai shida: ɗakuna uku, zaure, madafa da tsakar gida, kowanne ana kunna shi awa biyar a rana. Kamfanin wuta yana sayar da lantarki ne da ma'aunin da ake rubutawa kWh a takardar biya, ma'anarsa wat 1,000 na tsawon awa guda. Tsohon ƙwai mai wat 60 zai sha 9 a wata, shidan kuwa 54. LED mai wat 9 zai sha 1.35, shidan kuma 8.1.

Don sauƙin lissafi mu ƙaddara kowane kWh sefa 100 ne. Mai karatu ya duba takardarsa ya sa ainihin farashin garinsu. Gida na farko zai biya sefa 5,400 a wata a kan haske kaɗai, na biyu kuwa sefa 810. Bambancin ya ɗara jika huɗu da rabi kowane wata, wato kimanin jika 55 a shekara. Duk magidanci ya san abin da jika 55 za ta yi masa a lokacin komawa makaranta ko gabanin salla. Bugu da ƙari, a inda farashin yake hawa-hawa, wato gwargwadon yawan shanka gwargwadon tsadar ma'auninka, rage shan wuta yakan sauko da gida zuwa matakin da ya fi rangwame.

Haka nan batun daɗewa. A kan awa biyar kullum, tsohon ƙwai ba ya cika wata bakwai, shi kuwa LED mai awa 15,000 zai iya kai shekara takwas. Kafin guda ya mutu an sayi goma sha biyar na wancan.

Haske ake saye, ba wat ba

A nan ne da yawa daga cikinmu suke tuntuɓe. Mun saba mu ce wa mai kanti: "Ba ni mai wat ɗari," muna nufin mai haske sosai. Alhali wat ma'aunin wutar da ƙwai yake sha ne, ba na hasken da yake bayarwa ba. Ma'aunin haske sunansa lumen, ana taƙaita shi da haruffan lm a jikin kwali. Ga abin da ya kamata a riƙe: tsohon mai wat 40 daidai yake da lumen 470, mai wat 60 kimanin lumen 800, mai wat 75 kimanin 1,050, mai wat 100 kuwa kimanin 1,500. Ɗakin kwana madaidaici lumen 800 ya ishe shi. Falo da madafa da inda yara suke bitar karatu suna son 1,000 zuwa 1,500. Makewayi da lungu kuwa 470 ya wadatar.

Akwai kuma wata dabara mai sauƙi ta gane mai kyau: a raba adadin lumen da adadin wat. Ƙwai mai lumen 800 da wat 9 yana ba da kusan 90 a kowane wat, wannan ya yi. Idan sakamakon ya gaza 80, akwai wanda ya fi shi a kasuwa. Idan kuwa kwalin bai ambaci lumen ba sam, sai manyan lambobin wat da zanen taurari, to a mayar wa mai shi kayansa.

Abu na gaba shi ne launin hasken, wanda ake nunawa da lamba da harafin K. Mai 2700K haskensa ruwan ɗorawa ne, mai taushi irin na tsohon ƙwai, ya dace da ɗakin kwana. Mai 4000K fari ne tsaka-tsaki, yana da daɗi ga karatu da ɗinki da girki. Mai 6500K fari ne fat mai ɗan shuɗi, shi ne ya fi yawa a kasuwanninmu, ya fi dacewa da tsakar gida da shago, amma wasu yana gajiyar musu da ido da dare. A lura, farin launi ba shi ne yawan haske ba. Ƙwai biyu masu lumen ɗaya haskensu ɗaya ne ko da launinsu ya bambanta.

Kada kuma a manta da gindin ƙwan. Akwai mai murɗawa kamar murfin kwalba, lambarsa E27, akwai kuma mai ƴan kunnuwa biyu da ake dannawa a juya, lambarsa B22. Wanda bai tabbatar da irin na gidansa ba, ya tafi da mataccen ƙwan a aljihu.

Araha ba ta ado

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami. Wata rana a kasuwa na tarar da mai tebur yana sayar da LED a kusan rabin kuɗin da na sani, na kwashi guda biyar ina murna na yi ciniki. Kafin wata uku biyu sun mutu, ɗaya ya koma ƙyaftawa kamar mai ciwon ido, sauran biyun kuma haskensu ya dushe har ɗiyata ta koma kusantar da littafi ga fuskarta. Da na koma, mai teburin ya ce shi ma sarowa ya yi. Ban ga laifinsa ba kamar yadda na ga nawa, domin ban karanta ko layi guda a jikin kwalin ba.

Abin da na fahimta daga baya shi ne, a cikin gindin kowane LED akwai ɗan ƙaramin inji da ke daidaita wutar kafin ta isa ga ƙwayoyin haske, kuma galibi shi ne yake fara mutuwa. Maƙiyansa biyu ne: zafi da hawa da saukar wuta, mu kuwa duka biyun muna da su. Don haka a nemi ƙwan da aka rubuta masa faffaɗan zango, kamar 100-240V ko 85-265V, domin shi ne yake jure raunin wuta da yamma. Kada a kulle shi cikin murfin gilas da iska ba ta shiga, kada kuma a manna shi da kwanon rufi. Wanda za a sa a waje a tabbatar an yi shi don ruwa da ƙura. Kafin a biya a sa mai kanti ya gwada, a kuma duba shi ta kyamarar waya. Idan aka ga ratsi-ratsi suna gudu a fuskar wayar, alama ce haskensa yana rawa ko da ido bai gani ba. A ƙarshe a tambayi garanti, a karɓi rasit, a rubuta ranar saye a gindin ƙwan. Ɗan kasuwar da ya yarda da kayansa ba ya gudun wannan.

Masu amfani da hasken rana su kula da cewa akwai ƙwan da aka yi don batir mai 12V, akwai kuma na wutar gari, ba a musanya su. A wurinsu ribar LED ta fi bayyana, domin batirin da tsohon ƙwai zai shanye cikin awa ɗaya zai riƙe LED awa shida ko fiye. Akwai kuma mai ɗan batir a cikinsa, wanda yake ci gaba da haske na ƴan awoyi bayan an ɗauke wuta. Guda ɗaya a inda yara suke karatu yana da amfani, sai dai batirinsa yakan raunana tun ƙwan bai tsufa ba.

Idan ekonomik ya fashe

Tun da har yanzu akwai shi a gidaje da yawa, ya kamata uwargida ta san abin yi. A fitar da yara, a buɗe taga da ƙofa, a kashe fanka, a bar ɗakin ya sha iska kamar minti goma sha biyar. Kada a share da tsintsiya, domin tana watsa ƙurar. A kwashe gilasan da guntun kwali, a goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma, a zuba duka a cikin kwalba mai murfi, sannan a wanke hannu. Kada a jefa shi a wuta tare da shara, kada kuma a bar yara su yi wasa da bututun da ya mutu.

Ta ina za a fara?

Ba dole ba ne a sauya duka rana ɗaya. A fara da ƙwan da ya fi daɗewa a kunne, wanda galibi shi ne na ƙofar gida ko tsakar gida da ke kwana yana ci. Tsohon mai wat 60 da ke aiki awa goma sha ɗaya kowane dare yana shan kusan kWh 20 a wata shi kaɗai. Daga shi sai falo, sai ɗakin karatu. Tsofaffi masu zare a cire su ko da suna aiki; ekonomik mai lafiya kuwa ana iya barin sa har ya mutu, sannan a maye gurbinsa da LED. Mazauna gidan haya su zauna su daidaita a kan iri ɗaya, sai rabon kuɗin wata ya zo da sauƙi, zargi ya ragu.

Amfanin kuma bai tsaya a gida ɗaya ba. Daga magariba zuwa bayan lisha ne gari duka yake kunna fitilu lokaci guda, a nan ne nauyi yake yi wa layukan wuta yawa. Mazauna Yamai da Maraɗi da Damagaram ba su manta da abin da suka gani ba daga watan Agusta na 2023, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya har zuwa Maris na 2024. Duk wat ɗin da wani gida ya rage, wani ɗaki ne a wata unguwa zai samu.

Daga ƙarshe, ƙwai mai tsimi ba izini ba ne na barin fitila tana ci da rana tsaka. A koya wa yara kashewa idan sun fita daga ɗaki, a riƙa goge ƙurar hunturu daga jikin ƙwai bayan an kashe shi ya huce, a buɗe taga da safe. Sannan a ajiye takardar wannan wata, a kwatanta ta da wadda za ta zo bayan wata biyu da sauyawa. Allah ya sa albarka a cikin abin da muke samu, ya haskaka gidajenmu.