Wayar Kallo: Abin da Kwali Ba Ya Faɗa

Duk wanda ya taɓa cinikin waya a shagunan da ke kewaye da Garejin Television, a kudancin garin Kaduna, ya san yadda zancen yake tafiya. Mai shago zai jera maka Tecno da Infinix da itel, ga Samsung da Redmi a gefe, can cikin gilashi kuma iPhone ta hannu. Sai ya shiga karanto lambobi: kyamara megafiksel 108, ram giga 16. Shi kuwa mai saye, da za ka tambaye shi me zai yi da wayar, amsarsa ba za ta wuce WhatsApp da TikTok ba, sai ƙwallon Firimiya, wa'azin fasto ko tafsirin malam, da Labarina ko Izzar So a YouTube. Wato kallo ne ya kawo shi, kuma waɗancan lambobi biyu ba su ne ke gyara kallo ba.

Tukuna ma, Tecno da Infinix da itel 'yan gida ɗaya ne. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin shi ke ƙera su duka, kuma masu araharsu sukan ɗauki masarrafar MediaTek ko Unisoc, irin wadda za ka tarar a ƙananan Redmi da Samsung. Shi kuma ram giga 16 ɗin nan, a duba kwalin da kyau: sau da yawa 8+8 aka rubuta. Takwas ne na gaskiya, sauran aro ne daga ma'ajiyar wayar, wadda ba ta kai shi sauri ba. Kamar mai ɗaki ɗaya ne ya shimfiɗa tabarma a zaure ya ce ɗakunansa biyu.

Bidiyo ba ya sauka a dunƙule. YouTube da ire-irensa suna yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace ta 'yan daƙiƙoƙi, kuma kowace an tanade ta a mataki daban-daban: 360, 480, 720, 1080. Wayar ce ke auna ƙarfin sabis ta ɗauki wanda za ta iya. Shi ya sa hoto yakan dushe ana tsakiyar kallo, ya kuma washe da kansa. Hoton 720 yana da ɗigo 921,600, na 1080 kuwa 2,073,600, fiye da ninki biyu. To, yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi fuskarsu 720 ce. In ka tilasta musu 1080, data kawai kake ƙonawa a kan ɗigon da fuskar ba ta da inda za ta sa su. Netflix da kansa ya ce awa guda ta hoto mai kaifi tana iya cin giga uku, matsakaici kuwa ba ya wuce giga ɗaya. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan lissafi ya zama na cefane.

Inda wayoyin suka bambanta da gaske shi ne wajen warware bidiyon. Ana matse shi ne kafin a turo, kuma hanyoyin matsewar iri-iri ne. H.264 ta 2003 kowace waya ta iya ta. AV1 da ta fito a 2018 tana rage nauyin bidiyo da kusan kashi 30 a kan VP9 da ta gabace ta, amma sai masarrafar da aka gina wa sashen warware ta ne take yin aikin cikin sauƙi. Wadda ba ta da shi da ƙarfin tuwo take yi, sai bayan wayar ya ɗau zafi, batir ya zube. Ko a gidan Apple, sai a iPhone 15 Pro ta 2023 aka fara sa wannan sashe. Ban taɓa ganin an buga wannan da manyan baƙaƙe a kwali ba.

Batir kuwa, mutumin Kaduna ba ya buƙatar a yi masa bayani. A Oktoban 2024, da manyan layukan wuta suka lalace, yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda a duhu, masu cajin waya da janareta suka ci kasuwa. A nan ƙaramar Tecno mai batir 5,000 takan kunyata iPhone ta hannu. Apple ya ce batirin iPhone 14 da na waɗanda suka gabace ta an yi shi ne ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500, kuma wadda ta sha hannu a Turai kafin ta iso nan, mai yiwuwa ta daɗe da wuce haka. Hotonta ya fi kyau, wannan ba musu, amma sai da fawa-bank a aljihu.

Sai 5G, da MTN ya fara a 2022, Airtel ya biyo a 2023. Ni dai ban ga dalilin ƙara dubbai saboda ita ba in sabis ɗinta bai kai ƙofar gidanka ba, tunda 4G mai kyau tana ɗaukar 720 ba tare da tsayawa ba. Sabis ɗin Barnawa ba lallai ya zama na Unguwar Boro ko Sabon Tasha ba, don haka maƙwabci ya fi mai shago sanin layin da ke ja a unguwarku.

In ta hannu ce ko ta gwaji, kafin ka ƙirga kuɗi sa layinka a ciki, kunna bidiyo a 720 na minti goma, ka fita da ita rana ka ga ko fuskar tana ganuwa. Sannan ka taɓa bayanta, ka duba kashi nawa batirin ya sauka.