Ruwan Leda Ba Shi Ne Mafita Ba

A yau duk gidan biki, ɗakin taro ko zaman makoki, abin da ake fara miƙa wa baƙo shi ne ruwan leda, wanda muke kira fiya wata, ko ruwan gora in mai gida na da hali. Har ta kai wanda ya kawo ruwan randa a moɗa sai a ga kamar ya raina baƙonsa. Mun ɗauka duk abin da aka liƙe a leda tsarkakakke ne, alhali ba haka abin yake ba.

Shi wannan ruwa daga ina yake? Yawanci daga rijiyar burtsatse ne ko daga famfo, a tace, a ɗura. Ko a ƙasashen Turai haka ne: a 2004 aka gano ruwan Dasani da kamfanin Coca-Cola ke sayarwa a Ingila ruwan famfo ne aka sake tacewa, daga baya ma aka janye shi daga kasuwa. A nan gida akwai masana'antun kirki masu rajistar NAFDAC, akwai kuma na bayan fage waɗanda ke buga lambar bogi a jikin leda. Mai saye ba ya iya bambancewa da ido. Ga shi kuma ana jibge jakunkunan a bayan mota ko ƙofar shago, rana na dukansu wuni guda, sannan a ɗauko a yaga bakin ledar da haƙori, ledar da ta bi hannun mutum nawa.

Roba kanta tana shiga ruwan. A farkon 2024 masu bincike a Jami'ar Kolombiya ta Amurka sun ƙirga kimanin ƙwayoyin roba 240,000 a kowace lita ta ruwan gora da suka gwada, ƙanana ƙwarai yadda ido ba ya gani.

Illar da ke bayyane kuwa, sai a leƙa kwatar unguwa bayan ruwan farko na damina. Leda ce ke toshe magudana, ruwa ya kwanta, sauro ya yi gida, wani lokaci ambaliya ta shiga gidaje. Leda ba ta ruɓewa kamar ganye. Tambayi mahauta abin da suke cirowa daga tumbin awaki da shanun da ke kiwo a bola. Masu hura gawayi da leda kuma hayaƙi mai guba suke shaƙa su da 'ya'yansu.

To, kada a ce mun yi tuya mun manta da albasa. Ruwan famfo a garuruwanmu ba kullum yake zuwa ba, kuma bututun da ya fashe a cikin kwata yana zuƙo ƙazanta duk lokacin da ruwa ya ɗauke. Wanda ya tuna annobar amai da gudawa ta 2021, wadda ta hallaka sama da mutum 3,000 a Najeriya, ba zai yi wasa da wannan ba. Amma maganin yana cikin gida, kuma da araha. Ruwan famfo ne ko na 'yan garuwa, a bar shi ya kwanta, a tace da ƙyalle mai tsabta, a tafasa har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. In makamashi ya yi tsada, a sa sinadarin kulorin na ruwan sha bisa ƙa'idar da ke jikin kwalbarsa, a jira rabin awa. Garin 'ya'yan zogale yana kwantar da laka, amma shi kaɗai ba ya wadatarwa wajen kashe ƙwayoyin cuta. A riƙa wanke randa, a rufe ta, a ware mata moɗarta. Mai fita aiki da ɗan makaranta kowa ya cika gorarsa daga gida.

Abin da ya fi damuna shi ne ruwan leda ya sa mun daina tambaya. Kano ta samu ruwan famfo daga Chalawa tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ga kuma matatun Tamburawa da Watari, amma unguwanni da yawa famfonsu ya bushe, kowa ya yi shiru yana saye. Jama'a, in ɗan takara ya zo neman ƙuri'a, a tambaye shi maganar famfo. In bututu ya fashe a layinku, ku kai rahoto hukumar ruwa, in kuma ruwan ya zo ku biya kuɗinsa.