Asirin Ƙwari A Lokacin Hunturu

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya sauka a birnin Sakkwato, akan ga mutane suna jin wuta da asuba, hazo ya rufe fadamun Kogin Rima. Mutane da dama sun ɗauka sanyin nan yana gamawa da ƙwarin gona. Amma masu noman rani a Kwalkwalawa sun san darɓa, watau kwarkwatar ganye, ba ta barin shuka don an shiga ɗari.

Masana sun gano cewa ƙwaro ba shi kaɗai yake fama da sanyi ba. A cikin jikinsa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya, suna zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka da shi. Wadda ke jikin darɓa sunanta Buchnera, don tunawa da Bajamushen masani Paul Buchner. Ita ke haɗa wa darɓa sinadaran gina jiki da babu isassu a ruwan ganye, kuma uwa ce ke gadar wa 'ya'yanta ita.

A 2007, masu bincike a Jami'ar Arizona ta Amurka sun nuna cewa canji guda tak a ƙwayar gadon wannan bakteriya yana sauya halin wata darɓa. Mai wannan canji takan fi hayayyafa in akwai sanyi-sanyi, amma da zarar zafi ya buga sai ta kusan daina haihuwa.

Haka kuma a 2020, masana a birnin Wuhan na ƙasar Sin sun gwada ƙudan da ke ɓata mangwaro, wanda aka fara gani a Afirka a Kenya cikin 2003. Da suka kashe bakteriyar hanjinsa da magani, suka ajiye shi a sanyin digiri 10, sai ya mutu da wuri. Da aka mayar masa da ita, juriyarsa ta dawo.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga Arewa. Darɓa ce ta yaɗa cutar kuturtar gyaɗa wadda ta halaka gonaki a 1975. Darɓar da ta tsallake hunturu da bazara a kan shukar fadama da gyauron gyaɗa ita ke zama irin ta damina. Saboda haka malaman gona ke gargaɗin a tuge gyauro tun kafin ruwa ya sauka, kada a dogara ga sanyi.